Haɗa sabon ɗan kyanwa da wanda ya riga shi zama a gida

Kyanwa da hanci take fara sanin 'yar uwarta, ido daga baya yake zuwa. Shi ya sa yadda muke yi a nan Damagaram, a ɗauko ɗan kyanwa cikin kwali daga Birni ko Zango a juye shi a tsakar gida gaban na da, yakan ƙare da huci da ɓuya a ƙarƙashin gado.

Kada ka karɓi wanda bai kai sati 8 ba. A wajen uwarsa da 'yan uwansa yake koyon iyakar cizo, wanda aka raba da su da wuri kuwa shi ne ke cizo ba ji ba gani.

Ranar da ya iso, ware masa ɗaki shi kaɗai, da ruwa da abinci da tsohuwar roba cike da rairayi don bayan gida. Ɗakin ya zama mai iska. A zafin Afrilu da Mayu, ɗakin kwano a rufe na iya halaka shi kafin la'asar. Sai ka samu tsumma ka goga a kumatun sabon, ka ajiye inda na gida ke kwanciya, ka yi wa na gidan haka ka kai wa baƙon. Ka riƙa ba su abinci lokaci guda, ƙofa a tsakaninsu, kowa na jin ƙamshin ɗan uwansa yana ci. Bayan 'yan kwanaki, in hucin ya lafa, ka ɗan buɗe ƙofar su ga juna kana wurin. Ko sun shirya, kowa da kwanonsa da robar rairayinsa.

Sai maganar wasa, wadda ita ce ke tayar wa masu gida hankali. Ni dai na fi ganin laifin mai saurin rabawa. 'Yan kyanwa 'yan kokawa ne: su cafki wuya, su yi birgima, su yi harbi da ƙafafun baya. Muddin shiru suke yi, kunnuwa a tsaye, wannan ya kayar, can kuma a kayar da shi, to ka bar su. Faɗa daban yake. Za ka ji ƙara, ka ga kunnuwa sun kwanta baya, gashi ya tashi, kuma kullum ɗaya ne ke kora, ɗayan na neman mafaka. Nan ma kada ka sa hannu, za ka sha yagu. Tafa da ƙarfi, ko ka zura faifai ko kwali tsakaninsu, ka mayar da kowa wurinsa har su huce.

Yawancin ta'adin nan ƙarfi ne da bai samu mafita ba, kuma da asuba da magariba ya fi motsawa. Ɗaura gashin zabo a bakin igiya ka ja musu minti 10 zuwa 15, sannan ka ba su abinci, za ka ga sun miƙe sun yi barci. In an gama a ɗauke igiyar, don sukan haɗiye ta.

Ka kuma ja kunnen yaran gida su daina ba su yatsa su ciza. In ɗaya ya kama hannunka, kada ka fizge kuma kada ka doke shi. Tsayar da hannun cik, in ya saki ka tashi ka bar wurin. Da sun kai wata 3, kai su wajen likitan dabbobi a yi musu rigakafin ciwon haukan kare, a ba su maganin tsutsar ciki.