Idan an tura ka limanci bakin daga

Malam, in aka tura ka Borno da sojojin Operation Hadin Kai, tun kafin ka hau mota ka koma ka bita sallar tsoro, wadda ke Suratun Nisa'i aya ta 102, wasu na bin ka sallah wasu na gadi da bindiga sannan su yi musanya. Kasaru da taimama kuwa kullum ne, ruwan jarka na sha ne.

Ka riƙe likkafani a jaka, wallahi za a nema.

Bayan isha'i kar ka shige tanti, zauna kusa da yaran, wani a cikinsu abokinsa ya rasu da safe ya kasa ko cin abinci, ba wa'azi yake so ba, ka saurare shi kawai. In Kirista ne kai shi wajen fasto ko fada da kanka.