Darasi na 6: Yaro da jiki yake fara ji

Toh jama'a, darasinmu na yau akan kalma ɗaya ne mai harafi biyu kacal, JI. Kowa ya rubuta ta a saman shafi. Bahaushe yana jin sanyi, yana jin ƙamshi, yana jin ɗaci a baki, kuma da wannan kalmar dai yake jin tsoro da haushi da kunya. Ba banza aka haɗa su wuri guda ba, abin da ke cikin zuciya a jiki yake fara nunawa, balle ga yaro ƙarami da bakinsa bai gama buɗewa ba.

Tun yana ciki a watannin ƙarshe jariri yana jin muryar uwarsa, kuma 'yan kwanaki da haihuwa yana gane ƙamshin nononta. Shi yasa in yana tsala kuka kika goya shi kika ɗaure zani kina ɗan jijjiga shi sai kiji yayi luf, ɗumin bayanki da ƙamshinki ne suka gaya mai ba komai. Likitoci ma sun yarda da wannan, a 1978 a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara kwantar da bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata, yanzu har asibitocinmu ana yi.

Akwai wata ɗalibarmu a ajin yamma nan Gusau, 'yan bindiga suka taso su daga ƙauye, ɗanta mai shekara 4 da zarar yaji ƙarar babur sai ya sheƙa ɗaki ya shige ƙarƙashin gado wani lokaci har da fitsari a wando, ita kuma tai ta dukansa wai sangarta ce. Wallahi ranar da ta faɗa mana haka ajin tsit yayi. Yaron nan ba sangarta yake ba, kunnensa ne ya riƙe abin da ya faru a ƙauye, shi kuma bai san sunan abin da ke damunsa ba.

Muka ce ta aje bulala. In abin ya taso ta zauna ƙasa kusa da shi, ta kama hannunsa ta ɗora mai a ƙirji tace, "Ɗan Inna, kaji yana dakan uku-uku? Wannan shi ake cewa tsoro, nima ina jinsa." Sai ta ba shi ruwan randa ya kurɓa, tace ya hura iska a hankali kamar mai hura koko da zafi, don fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya. Daga baya ta riƙa kai shi gun babur ɗin kawunsa a kashe, ya shafa sirdin, ya danna hon da kansa. Ba rana ɗaya abin ya tafi ba, har yanzu yana firgita, amma yanzu zuwa yake ya riƙe mata zani yace "Inna tsoro nake ji." In firgitar yaro ta kai ga baya barci ko baya cin abinci, dan Allah a kai shi asibiti.

Wasa da yashi da laka da ruwa shima yana sauke fushin yaro, ku daina kora su, a dai wanke hannu da sabulu in sun gama. Sai dai mutanen yankin haƙar zinari ku kula, bamu manta 2010 ba, da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, duk inda ake niƙa dutsen zinari ba wurin wasan yaro bane.

Aikin gida: ki zuba gero a ƙwarya, ki sa yaronki ya nutsa hannu ciki ya rufe ido, ki tambaye shi me yaji a hannu, me yaji a zuciya. Wanda bai kai shekara 3 ba kada ki ɗauke ido kansa, suna cusawa a hanci. Maza kuma ba a cire ku ba. Kowa ya rubuto jimla biyu cikin abin da yaron ya faɗa, ranar Litinin zamu karanta a aji.