Yadda ake auna karɓuwar maƙala kan gyaran ƙwayoyin halitta a ƙwayoyin garkuwar jiki

Abu uku ake aunawa, kuma kowanne da ma'auninsa: yawan maganar da ake yi a kan maƙala a intanet, yawan masu buɗe ta, da yawan masana da suka kafa hujja da ita.

A fara da lambar DOI, wato lambar shaidar da ake ba kowace maƙalar bincike, wadda take farawa da 10 a shafin farko na maƙalar. Da ita ake bin sawu, domin taken maƙalu kan CRISPR (hanyar gyaran ƙwayoyin halitta) da ƙwayoyin T (wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki) suna kama da juna sosai. Idan a mujallar Nature maƙalar ta fito, kamar aikin da ɗakin binciken Alexander Marson ya wallafa a 2018 kan sauya ƙwayoyin T ba tare da ƙwayar bairos ba, sai a ƙara /metrics a ƙarshen adireshin shafin. Nan za a ga sau nawa aka buɗe ta, sau nawa aka ambace ta a wasu maƙalu, da makin Altmetric, wanda ke auna yawan maganar da ake yi a kanta a intanet, cikin zobe mai launuka.

Makin nan shi ya fi ruɗar mutane. Labarin jarida kan kawo kimanin maki 8, ambato a Wikipedia 3, rubutu a shafin Facebook na jama'a kuwa rubu'in maki. Labari goma kenan sun kai rubutun Facebook 320. Yabo da suka duk ɗaya ne a lissafin. Masu ajiye maƙalar a Mendeley, manhajar adana maƙalu, waɗanda galibi ɗalibai ne da masu bincike, ana nuna adadinsu amma ba ya shiga makin, alhali su ne suka fi kusa da masu karatu na gaske.

Wani wurin da lissafi kan ɓaci shi ne lokaci. Labarin yarinyar da aka yi wa maganin sankarar jini da gyararrun ƙwayoyin T a asibitin Great Ormond Street na Landan ya bazu a Disambar 2022, maƙalar kuwa sai a 2023 ta fito a mujallar New England Journal of Medicine. Labaran da suka riga maƙala fitowa ba su da DOI da za su jingina da shi, don haka da wuya su shiga. Haka kwafin farko da aka ɗora a bioRxiv, shafin da ake ɗora maƙalu kafin mujalla ta wallafa su, lambarsa daban ce, sai a duba biyun. Hirar rediyo da saƙonnin WhatsApp ba a ƙirga su sam.

A kwatanta maƙala da sa'o'inta kawai, na shekara ɗaya da mujalla ɗaya. Gwaji a jikin mutum, irin na Jami'ar Pennsylvania a mujallar Science a 2020 mai majinyata uku, ya fi jan 'yan jarida a kan aikin ɗakin gwaji. A rubuta ranar da aka ɗauki alƙaluman, domin makin kan ragu idan aka goge rubutun da ya kawo shi.