Ku fara da sojoji kawai

Salamu alaikum malamai 'yan uwa. Duk mai son koya wa yaran firamare wasan ces (chess, wasan allo mai kama da dara), shawarata kada ya zube musu 'ya'yan wasan 32 a rana ɗaya. Kan yaro zai ɗaure, gobe ba za ka gan shi ba.

Ranar farko a nuna musu allon: gida 64 ne, kuma farin gida ya kasance a kusurwar dama ta kowane ɗan wasa. Sai a jera sojoji, wato ƙananan 'ya'yan wasan, takwas-takwas, sauran a bar su a jaka. Wanda sojansa ya fara kaiwa ƙarshen allo shi ya ci. Wasa ne gajere, amma a nan yaro yake gane cewa soja gaba yake tafiya, a karkace yake ci, kuma ba ya ja da baya.

In sun ƙware a ƙara manyan 'ya'yan wasan: hasumiya mai tafiya a miƙe, sannan bishop mai tafiya a karkace, sarauniya da sarki. Doki a bar shi ƙarshe, don tsallensa ne ke ba yara wuya. Ku zana babban allo a ƙasa da alli, yaro ya zama dokin, ya yi taku biyu gaba, sannan ɗaya a gefe. Da wuya ya manta.

Don Allah in yaro zai yi kuskure kada ku riƙe masa hannu. Ku tambaye shi, "To, me abokinka zai yi yanzu?" Ku bar shi ya gano da kansa.

In babu kuɗin allo, kwali da murafan kwalba sun wadatar.