Kafin ka biya kuɗin cokalin azurfa da aka ce wai na hafsan sojan ruwa ne

Jama'a masu sayen tsofaffin kayan Turawa a Garwa da Marwa har Injamena, in dillali ya miƙo maka cokula ko tire ko butar shayi mai tambari yace na wani hafsan sojan ruwa ne, ajiye labarinsa gefe tukuna, juya bayan kayan ka nemi 'yan ƙananan hatiman nan da ake bugawa don nuna ingancin azurfa, ka ɗauka da waya ka zuƙo hoton sosai.

Na Faransa za ka ga kan mace sanye da kwalkwali, tun 1838 ake buga shi, da lamba 1 ko 2 a gefe, a tsofaffin kaya 1 tana nufin azurfa 950 cikin 1000, 2 kuma 800. Na Jamus jinjirin wata ne da kambi tun 1888, kuma tunda sun riƙe Kamaru har 1916 ba mamaki ka ci karo da shi. Na Ingila zaki ne mai tafiya, wato 925. In ko EPNS ka gani to ruwan azurfa aka yi masa kawai.

Ga inda ake cutar mutane wallahi, kuma abin na min ciwo. Za a nuna maka anga, ƙugiyar nan ta tsayar da jirgi, a cikin hatiman ace ka gani ko, na sojan ruwa ne. Alhali wannan anga alamar ofishin awon azurfa ce na Bamingam a Ingila, garin da ko bakin teku ba ya! Na Landan kan damisa ne. Harafin da ke kusa kuma shekarar awo yake nunawa, ka duba jadawalinsa a intanet, in shekarar ta zo bayan mutuwar hafsan ai magana ta ƙare.

Shi kuma tambarin gida, wato alamar zuri'a, da aka zana a mariƙin, ka laluba littafin Fairbairn na 1859 mai ɗauke da tamburan gidajen Birtaniya, amma ka sani tambari ɗaya gidaje da yawa na amfani da shi, kuma ana iya zana shi daga baya. Sai ka nemi sunan mutumin a Navy List, wato jerin sunayen hafsoshin sojan ruwan Ingila, in Baturen Ingila ne, Bafaranshe kuma taskar tarihin sojansu na Bansen kusa da Faris. Ka tambayi mai kayan rasit ko wasiƙa ko takardar gado, da hannun wa da wa ya bi.

Kuma don Allah kar ka kai wa maƙerin farfaru ya kankare ko ka dirje da toka, hatiman ne za su shafe.