Darasi na 9: Saba, da abin yi idan an ce ta tsaya

Duk mazaunin Makka ko Jidda da ke hulɗa da banki ko ofis ya taɓa jin an ce masa sistem ya tsaya, ya dawo gobe. Sau da yawa abin da ya tsaya shi ne saba.

A Turanci, saba suna ne na ma'aikacin gidan abinci, wanda ke karɓar odarka ya shiga ciki ya kawo maka. Larabawa kan ce hadimi. Aikin ɗaya ne a kwamfuta: wayarka ta aika buƙata, saba ta duba rumbun bayananta, ta maido da amsa. Idan ka buɗe manhajar Absher don duba ranar ƙarewar igama, wato izinin zama a Saudiyya, ko manhajar Nusuk don neman izinin shiga Rauda, bayanan ba a cikin wayarka suke ba, daga saba ake turo su.

Ita saba kwamfuta ce mai ƙarfi da ba a kashewa dare da rana. Ana jera su a kantocin ƙarfe cikin ɗaki mai sanyi, tsakanin digiri 18 zuwa 27, tare da batura da janareto don kada wuta ta yanke. Zafi yana tsayar da ita, haka ma cunkoso, wato mutane da yawa su nemi abu ɗaya a lokaci guda. Wani lokacin kuma masu ita ne suka rufe ta don gyara.

Kada a haɗa saba da sabis. Sabis shi ne layukan da ke saman fuskar waya, kuma sau da yawa nan ne matsalar take. Saboda haka kafin ka ɗora wa saba laifi, buɗe wata manhaja daban. Idan ita ma ta ƙi, duba ko datarka ta ƙare, sannan ka danna alamar jirgin sama, ka ƙirga zuwa 10, ka sake danna ta. Duba kwanan wata da agogon wayar ma, domin idan sun kauce, shafuka masu tsaro kan ƙi buɗewa. In komai na aiki sai manhaja ɗaya, tambayi maƙwabcinka mai layin wani kamfani. Shi ma ta ƙi masa? To, daga can ne.

Lambar da ta fito a fuskar waya tana da ma'ana. 404 na nufin ba a sami shafin ba, ko dai adireshin kuskure ne ko an cire shi. 500 tangarɗa ce a cikin sabar. 503 cunkoso ne ko gyara. Duk wadda ta fara da 5, goge manhaja ba zai yi maganinta ba, sai jira.

Wajen biyan kuɗi ne ake yin asara. Idan waya ta tsaya bayan ka danna biya, kada ka sake dannawa, don mai yiwuwa saba ta karɓa, amsar ce ba ta iso ba. Riyal 300 sai ta zama 600. Jira saƙon banki, ka ɗauki hoton fuskar wayar mai lambar shaida. Kuma duk wanda ya bugo ya ce ka karanto masa lambar sirrin da aka turo maka don ya gyara saba, ɗan damfara ne, kashe wayar.

Aikin gida: rubuta 404, 500 da 503 a littafinka, kowacce da ma'anarta a gabanta.