Yadda nake zuwa Argungu in dawo a yini ɗaya

Lokacin bikin kamun kifi, da an sallame sallar asuba nake kama mota daga Birnin Kebbi. Fara da Gidan Tarihin Kanta tun rana ba ta take ba. Tsohuwar fadar sarki ce, akwai masu, takubba da tambura.

Daga nan nufi Matan Fada, kogin da ake gasar kamun kifin. Nemi tudu ka tsaya, don da an buga bindiga masunta za su rufta ruwa da homa da gora, na bakin gaɓa kuwa laka zai sha. Na taɓa barin takalmi ɗaya a can. Kada tseren kwalekwale ya wuce ka.

Baje kolin amfanin gona bar shi sai la'asar, ka sayo shinkafa. Riƙo ruwa, malfa da canji.